Yadda ake farfaɗo da gona da sassaben zamani

Bayan farin 1984, gonaki da yawa tsakanin Mirya, Matamaye da Magariya, a jihar Damagaram ta Nijar, sun koma fili fetal, iska na binne hatsi da rairayi tun yana ƙarami. Yau in ka bi hanyar, gawo ne ko'ina, kuma yawancinsu ba wanda ya dasa. Itacen da aka sare yana nan da ransa a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara ya yi toho, mu kuma mu sassabe mu ƙone. Sassaben zamani shi ne mu daina kashe shi, mu raini tohon ya zama itace.

Ka fara tun da rani, kafin sharar gona. Zaga gonarka a ƙafa, ka duba kututturen da ke da toho: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Kada ka raina sabara don gajarta, ita ke tare rairayi da ganyen da iska ta kwaso. Kuma kada ka bar iri ɗaya kawai, don abin da ya kashe wani, wani zai jure.

A kowane kututture zaɓi toho uku zuwa biyar, masu ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Sannan ka sassake rassan ƙasa har kusan rabin tsawon, ka bar na sama. A nan ake yawan ɓata aiki. Adda ta zama mai kaifi, kuma sara daga ƙasa zuwa sama, domin in ka saro daga sama ɓawon zai yage, ciwo ya shiga. Na ga gawo mai shekara biyu ya bushe saboda wannan, abin ya dame ni ƙwarai.

Ɗaura tsumma a jikin itacen, kowa ya san da mai shi. Ka yi magana da maƙwabta da makiyaya tun da wuri. Dabbobinsu ma suna taimako, ƙwayar gawo ta fi tsira in ta bi ta cikin akuya.

Inda ƙasa ta zama faƙo, ba saiwar da ta rage, sai ka haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, ko rami mai siffar rabin wata, ka zuba taki, ruwan sama ya samu wurin tsayawa.

Bayan wata huɗu zuwa shida ka koma ka rage sabon toho, rassan su zama makamashi. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta cutar da shuka. In ya girma, shuka hatsinka har gindinsa.