Babi na Shida: Makunni Mai Sifirin a Kayan Lantarki na Gida

Darasi na Ɗaya: Abin da ke cewa "ƙas"

Ku ajiye fensir tukuna, iyayena da 'yan uwana. Yau da hannu da kunne za mu fara karatu.

A ɗauki biro irin wanda ake danna bayansa, a kwance shi a hankali. A ciki za ku ga wata siririyar waya a nannaɗe. Sunanta sifirin. Ku matse shi tsakanin yatsu biyu, sannan ku sassauta. Kun ga ya koma yadda yake? Aikinsa ke nan: a matse shi ya tara ƙarfi, a sake shi ya koma. Madalla. Wanda ya gane wannan ya gane rabin babin nan.

Makunni shi ne abin da muke dannawa don kunna kaya ko kashe shi. Wutar lantarki tana bin waya, kuma ba ta tafiya sai hanyarta a haɗe take tun daga farko har ƙarshe. A cikin makunni akwai 'yan ƙarafa biyu masu fuskantar juna. Idan bakinsu ya haɗu, hanya ta haɗu, fanka ta juya. Idan suka rabu, hanya ta yanke, fanka ta tsaya.

To mene ne amfanin sifirin a ciki? Ku matsa kusa da makunnin bango da busasshen hannu, ku danna shi sannu sannu, iya sannun da za ku iya. Da farko za ku ji yana turje muku. Can sai ya kufce daga yatsa ya faɗa ɗaya gefen da kansa, ƙas! Ba yatsanku ne ya raba ƙarafan ba. Yatsa ya matse sifirin ne kawai, da ƙarfin ya kai, sifirin ya fizge su lokaci guda.

Wannan saurin yana da dalili. Idan ƙarafan suka rabu a hankali, wuta takan tsallaka 'yar tazarar da ke tsakaninsu ta zama tartsatsi, tartsatsin kuwa yana cin bakin ƙarfe. Makunnan farko haka suke ƙonewa, har a shekarar 1884 wani injiniya mai suna John Henry Holmes, a garin Newcastle na ƙasar Ingila, ya ƙera makunni mai rabuwa da sauri. Sifirin yana da aiki na biyu kuma: bayan ƙarafan sun haɗu, shi ke danne su gam. In haɗuwar ta yi sako-sako, wurin yakan yi zafi.

Ku kwafi wannan a littafinku: *Sifirin yana haɗawa da ƙarfi, yana rabawa da sauri.*

Darasi na Biyu: Cire fulogi

Wannan darasin ya fi kowanne muhimmanci a babin, kuma nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, har da masu ƙoƙarin cikinsu. Don haka za mu daɗe a kansa, kada ku gaji da ni.

Fulogi shi ne kan waya mai 'yan ƙafafun ƙarfe biyu ko uku da ake cusawa a bango. Ramin bangon da yake shiga shi ne soket. Kowa ya nuna fulogi da yatsa. Yanzu a nuna soket. Yawwa.

Kashe makunni daban, cire fulogi daban. Idan kun kashe makunnin da ke jikin kaya, wuta tana nan cikin wayar, ta zo har bakin makunnin tana tsaye, tazarar da ta raba ta da sauran kayan 'yar ƙarama ce ƙwarai. Wani lokaci ma wanda ya haɗa soket ya juya wayoyin, sai makunni ya yanke wayar da ba ta ɗauke da wuta, ya bar mai wutar a haɗe. Kaya ya yi shiru, amma cikinsa na iya kisa. Wutar gida a yawancin ƙasashe tana tsakanin bolt 220 zuwa 240 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta), a Amurka kuma 120, kuma dukkansu suna kashe mutum.

Ga yadda ake yi. A kashe makunnin kayan. In soket ɗin yana da nasa makunni, a kashe shi. A kama jikin fulogin, ba wayar ba, a zaro shi. Sai a ɗauko shi a ajiye a gabanku inda idonku zai riƙa ganinsa.

Me ya sa na ce a gabanku? Saboda bayan firji ko bayan tebur wayoyi sukan yi yawa, mutum ya cire fulogin rediyo yana zaton na fanka ne. Ku bi wayar da hannu tun daga jikin kayan har zuwa fulogin. In ya zo hannunku, to shi ne. Kuma in yana gabanku, yaro ba zai zo ta baya ya mayar da shi ba yana ganin taimako ya yi.

Mu sake. Malama, ga butar lantarki, ina son ki goge makunninta. Me za ki fara yi? Kin kashe, daidai. Sai me? Kada ki ji kunya, kowa a nan ya tsaya a wannan gaɓar. Kin cire fulogi. Ina fulogin yanzu? Ga shi a gabanki. Madalla da ke.

Malam, kai kuma ga fanka. An ɗauke wuta, ko'ina duhu. Za ka cire fulogi? Za ka cire mana. Wutar da aka ɗauke ba ta sallama in za ta dawo. Ka cire, ka ajiye shi a gabanka.

Baba, ku ma ku gwada, a hankali, babu mai gaggawa. Ku kashe. Ku bi wayar. Ku kama jikin fulogi. Ku zaro. Ku ajiye a gaba. Kun yi daidai.

A rubuta sau biyar: *Na kashe. Na cire fulogi. Ina ganin fulogi.* Wanda hannunsa bai saba da rubutu ba ya rubuta sau biyu, sauran ya faɗa da baki.

Darasi na Uku: Alamomi, da makunnin da ke komawa da kansa

A jikin makunni da yawa za ku ga alama biyu: tsayayyen layi, I, da da'ira, O. Ba harafi ba ne da za a haɗa a karanta. Layin yana nufin a kunne. Da'irar tana nufin a kashe. Gefen da kuka danna ya nutse, shi ne yake aiki. In gefen da'ira ne ya nutse, kaya a kashe yake. Wasu kayan kuma an rubuta musu ON, haruffa biyu, wato a kunne, da OFF, haruffa uku, wato a kashe. In karatun ya ɓace muku, ku ƙirga haruffan: mai tsawon shi ne kashewa.

Kuma ko da da'irar ce ta nutse, kafin a taɓa cikin kaya me ake yi? A cire fulogi.

Makunnin bango in an danna shi yakan zauna inda aka sa shi. Akwai wani iri kuma da ba ya zama. Madannin ƙararrawar ƙofa misali ne: muddin yatsa yana kai tana ƙara, da an ɗage yatsa sifirin ya turo madannin waje, ƙarafa su rabu, ta yi shiru.

Yanzu ku natsu, don na firji yana rikita mutane. Ku buɗe firji, fitilar ciki ta kama. Ku duba gefen da ƙofa ke kwantawa, ko can sama, za ku ga wani ɗan tsinin roba ya leƙo. Wannan ana iya taɓa shi daga waje da busasshen yatsa. Ku danna shi. Fitila ta mutu. Ku saki. Ta kama. Ya saba wa ƙararrawa ke nan: a ƙararrawa dannawa ce ke kunnawa, a firji dannawa ce ke kashewa. Ƙofa in ta rufe ita ke danne tsinin, in ta buɗe sifirin ya turo shi, ƙarafan su haɗu. Ashe sifirin ne ke kunna muku fitilar. Wasu sababbin firji ba su da tsinin, maganaɗisu ne a ɓoye cikin ƙofa ke yin aikin, don haka in kun duba ba ku gani ba, ba laifin idonku ba ne.

Idan kun danna tsinin fitila ba ta mutu ba, to tana ci ne ko da ƙofa a rufe, tana ɗumama cikin firjin, injinsa yana wahala a banza. Idan kuma tsinin ya maƙale ciki bai fito ba, sau da yawa datti ne mai danƙo ya riƙe shi. Za a goge da tsumma mai ɗan laima, a bar shi ya bushe. Amma kafin tsumma ya je wurin, ina fulogi? A gabanku.

Darasi na Huɗu: Makunnin da ya gaji

Sifirin yana tsufa. Alamar farko a kunne take: ƙas ɗin ya tafi, makunni ya yi laushi, yana tsayawa a tsakiya. Daga nan sai ya riƙa ɗumi in an taɓa, ko a ji yana sss-sss a ciki, ko fitila ta riƙa ƙyaftawa, ko robar ta yi ja-ja-ja kamar an gasa ta, ko a ji warin ƙonannen roba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. A cire fulogi, a kai wa mai gyaran lantarki. In makunnin bango ne, ba shi da fulogin da za a cire, sai a kashe babban makunnin gidan, a kira mai gyara. Ba a gyara irin wannan sifirin, makunnin ake canzawa gaba ɗaya. A bayansa akwai lambobi kamar 10A 250V, su ne ke nuna iyakar wutar da zai iya ɗauka. Ku ce a sa mai irin lambar ko wanda ya fi ta, kada a sa na ƙasa da ita.

A nan dole in yi muku faɗa. Bayan duk abin da muka maimaita, har yanzu ina ganin wasu suna cusa tsinken ashana ko ninkakkiyar takarda a gefen makunni don ya zauna a kunne. Wasu su ɗaure shi da salatif. Wasu su ɗiga masa mai wai ya yi laushi. Haba jama'a! Ƙarafan da ba su haɗu sosai ba zafi suke yi, ku kuma kun sa musu takarda a kusa. Ku manya ne, da 'ya'ya da jikoki a cikin gidajen nan. Jiya-jiyan nan muka rubuta a littafi, yau na miƙa wa mutum fanka ya kashe ta kawai ya kai sukudireba, fulogi yana bango. Ban ji daɗi ba. Rubutun da ya tsaya a takarda bai sauko hannu ba, bai tsare kowa ba. Ku koma darasi na biyu ku sake yinsa da hannu kafin ku wuce nan.

Abu ɗaya kuma: in kun shiga ɗaki kuka ji warin gas, kada ku taɓa kowane makunni, ko don kunnawa ko don kashewa. Ɗan tartsatsin da ke ciki ya isa ya tayar da gobara. A buɗe ƙofa da taga, a fita. Allah ya kiyaye.

Darasi na Biyar: Butar lantarki

In kun danna makunnin buta, yakan maƙale a kunne, sifirin a matse. A kusa da shi akwai wani ɗan falle da aka yi da ƙarfe iri biyu a manne. Ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa in ya ji zafi. Da ruwa ya tafasa, tururi ya bi wata 'yar hanya ya isa fallen, sai ya lanƙwashe ya ture makunnin, sifirin ya ƙarasa aikin, buta ta kashe kanta. Shi ya sa in murfi a buɗe yake tururin yakan tsere ta sama, buta ta yi ta tafasa. A rufe murfi sosai. Kada a riƙe makunnin da yatsa bayan ya faɗo. In za a wanke ta, a cire fulogi, kuma kada a tsoma gindinta cikin ruwa.

Darasi na Shida: Makunnan ƙofa

Injin wanki da na'urar ɗumama abinci, wato microwave, suna da ƙananan makunnai masu sifirin a ɓoye wajen ƙofa. In ƙofa ba ta rufu ba, ba sa barin inji ya tashi. Don kare ku aka sa su, kada a toshe su da komai. Na'urar ɗumama abinci kuwa, ko an cire fulogi akwai abin da ke riƙe wuta mai ƙarfi a cikinta. Kada ku kwance jikinta ko kaɗan, aikin mai gyara ne.

Darasi na Bakwai: Aikin gida

Ku nemo makunni uku a gida. Ku rubuta sunan kayan, da ko makunnin yana zama inda aka sa shi ko yana komawa da kansa. Wanda ba ya cewa ƙas, ku ja layi a ƙarƙashin sunansa, ku zo da littafin ranar darasi na gaba.