Babi na Tara: Karatu Bayan An Tashi Daga Aji

Duk wanda ya kawo wannan babi ya riga ya iya haɗa baƙi da wasali, yana rubuta sunansa, yana kuma lissafin tarawa da ɗebewa. Nan gaba kaɗan za a yi jarrabawa, a raba takardun shaida, kowa ya kama gabansa. Abin da yakan faru bayan nan shi ne dalilin wannan darasi. Da yawa sukan kai takardar gida, su sa ta a ƙasan akwati tare da littafin da fensirin. Bayan damina biyu sai a ga mutum ya koma dangwala yatsa a banki. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, daina amfani da karatun ya yi. Karatu kamar fartanya yake, wadda ake noma da ita kullum ba ta tsatsa.

Gemu ba ya hana ilimi

Mu a Zariya ba ma bukatar a kawo mana misali daga nesa. Ku shiga cikin birni bayan sallar asuba, ta wajen Kona ko Unguwar Juma, ku leƙa zaurukan malamai. Za ku tarar da dattijo mai furfura ya tanƙwashe ƙafa a gaban malami da littafinsa, ana yi masa ƙari. Wani ma ya girmi malamin. Ba wanda ke yi masa dariya, ba kuma wanda ke tambayarsa yaushe zai gama, don kowa ya san karatun zaure ba shi da ranar gamawa. A ɓangaren mata kuma, tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'yantaru, inda malamai mata da ake kira jaji suke zuwa su ɗauki karatu a wurinta, su koma ƙauyuka su koya wa matan aure da tsofaffi.

Karatun boko na manya ma a garin nan ya yi saiwa. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, daga NORLA, hukumar wallafa littattafai ta Arewa da ke Zariya, ƙananan littattafai da jaridu suke fita zuwa lardunan Arewa. Waɗanda suka shirya aikin sun gane abu guda: wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, mantawa zai yi.

Abin mamaki shi ne, mutumin da ba ya jin kunyar zama a zaure da furfurarsa, shi ne in an ce ya koyi sabon abu a kan sana'arsa sai ya ce, "Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Wannan karin magana a kan tarbiyyar yara aka yi ta. Ba ta hana babba koyon lissafi ba.

Sana'a ba ta tsayawa wuri ɗaya

Makaniken da ya koyi aiki a kan mota mai kafireto ya ƙware da kunnensa, yana jin ƙarar inji ya san inda ciwon yake. Motocin yanzu masu injekta ne, da kwamfuta a cikinsu. Ana jona musu na'ura ta fito da lambobi da haruffa, su ne ke faɗin abin da ya lalace. Wanda ba ya iya karanta su sai dai ya tura mai motar garejin maƙwabcinsa. Haka tela, haka mai gyaran waya, haka mai walda.

'Yan kasuwa kuwa sun ga darasi a farkon 2023, lokacin da aka canza takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya. A kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada har mai tumatir sai da ya koma karɓar tiransifa. Masu iya karanta saƙon banki suka ci gaba da ciniki. Marasa iyawa suka dogara da bakin mai saye, wasu kuma aka cuce su da saƙon bogi.

Ku karanta wannan hira ku biyu-biyu. Wani tela ne a Tudun Wada da ɗan 'yar'uwarsa da ke koyon ɗinki a shagonsa.

"Zo nan, ɗana. Mai rigar nan ya ce ya turo kuɗin ɗinki. Duba mini."

"Kawu, saƙo dai ya shigo. Amma bari mu duba abin da ke cikin asusun, don saƙo kaɗai ba shaida ba ne."

"Au, ana iya ganin saƙo kuɗi bai shigo ba?"

"Ƙwarai kuwa, Kawu. Sai an ga kuɗin ya ƙaru a kan na da."

"To, jawo benci ka zauna. Nuna mini inda ake dannawa."

"Ni zan koya maka, Kawu?"

"Wa ya koya maka riƙe almakashi? Yau ramawa za ka yi. Ranar da na aike ka Kano sayen yadi, wa zai duba mini?"

"To, Kawu. Amma in mun zo wajen lambar sirri, zan kau da kai, kai za ka danna da kanka. Ko ni kada ka faɗa mini."

Ku lura da maganar yaron ta ƙarshe. Lambar sirri ba a faɗa wa mai POS, ba a faɗa wa wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake, ba a kuma rubuta ta a jikin kati.

Manomi da rubutun jikin buhu

A nan za mu ɗan daɗe, don yawancinmu ko da wata sana'a muna taɓa noma. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke fitar da ingantaccen iri. Masararta sunanta SAMMAZ, wake SAMPEA, dawa SAMSORG, gyaɗa SAMNUT, kowanne da lamba a gabansa. Lambar nan ba ado ba ce. Wani iri yana nuna da wuri, wani yana jure fari, wani yana jure ƙuduji. Manomin da ya rubuta suna da lambar irin da ya yi masa kyau bana, baɗi zai nemi shi ɗin, ba zai karɓi duk abin da aka miƙo masa a leda ba.

Yanzu ga lissafin taki. A jikin buhun kamfa za ku ga an rubuta NPK 15-15-15. Ma'anarsa, a cikin kowane kilo 100 akwai kilo 15 na kowanne daga sinadarai uku, N da P da K. Na farkon, wato N, shi ne ke sa ganye ya yi kore shar. Buhu kilo 50 ne, rabin 100 ke nan, saboda haka N ɗin da ke cikinsa rabin 15 ne, kilo 7 da rabi. A buhun yuriya kuma an rubuta 46. Rabin 46 shi ne 23. Kun ga buhun yuriya ɗaya yana ɗauke da N fiye da na buhun kamfa uku, amma ba shi da sauran sinadaran biyu ko kaɗan. Shi ya sa malaman gona suke cewa a fara da kamfa, a bi da yuriya daga baya. Wanda ya gane wannan, ko taki ya yi tsada ya san inda zai sa kuɗinsa.

Maganin feshi ya fi wannan haɗari. Kafin a buɗe kwalba, a nemi abu uku a jikinta: ranar da zai lalace, yawan da ake zubawa a ruwa, da kwanakin da za a jira kafin a girbe ko a ci. Galibi da Turanci ake rubutawa. Ba laifi, a sa wanda ya iya ya karanta sau ɗaya, kai kuma ka rubuta da Hausa a littafinka.

Littafin ciniki

Hanya mafi sauƙi ta riƙe karatu ita ce a ɗaura shi a jikin abin da ake yi kullum. Kowa ya sayi ƙaramin littafi, ya raba shafi gida biyu: abin da ya fita, abin da ya shigo. Bashi kuma a ba shi nasa shafin a baya.

A ce mai awara ta sayi waken suya na naira 6,000, mai na 2,500, itace na 1,000, ta biya niƙa 500, yaji da leda 500. Ta kashe 10,500 ke nan. Ta yi cinikin 13,000. Ribarta 2,500. To amma in 1,500 daga ciki bashi aka ɗauka, abin da ke hannunta a saman uwar kuɗi 1,000 ne kawai. In ta yi cefane na 2,500 tana ganin riba take ci, ta taɓa jari ba ta sani ba. Haka jarin mata da yawa yake narkewa, a ce maita ce ko baki. Minti goma bayan sallar isha'i sun isa wannan rubutu, kuma mai yin sa kullum ya yi bitar karatu, rubutu da lissafi a zama ɗaya.

Akwai kuma amfanin da ba na kuɗi ba. Mai karatu yana duba katin asibiti ya san ranar komawa. Uwa tana karanta sakamakon jarrabawar ɗanta da idonta, ba abin da yaron ya ga damar faɗa mata ba. Saƙon da miji ya turo daga wurin ci-rani ba sai ɗan maƙwabta ya ji abin da ke ciki ba.

Mai son ya wuce nan

Bayan wannan aji akwai ajin gaba na manya, ku tambayi malaminku ko ofishin ilimin manya na ƙaramar hukuma. Mai sana'ar hannu yana iya neman jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ake farawa daga mataki na 3 a hau zuwa na 1. Takardarta tana amfani wajen neman aiki. WAEC da NECO suna da jarrabawar da ake yi wa waɗanda ba sa makaranta. Daga nan ƙofar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ta jami'a a buɗe suke, har da karatu daga gida. Hanyar da tsawo, ba kuma dole ne kowa ya bi ta ba.

Aikin gida

Ka rubuta abu ɗaya da ya shigo sana'arka wanda babu shi lokacin da ka koye ta, da sunan wanda zai iya nuna maka shi, ko da yaronka ne. Ka cika littafin ciniki na kwana bakwai ka zo da shi aji. Manoma su kwafo duk rubutun da ke jikin buhun taki ɗaya. Sannan kowa ya lissafa wannan: buhun kilo 50 da aka rubuta wa NPK 20-10-10, kilo nawa na N ke cikinsa?