Yadda za ka koya wa yara tarihin Osiris a aji

Malaman makarantun ƙauye, musamman mu na wajejen Ringim da Taura, in darasi ya kai kan tsohuwar Masar to tun farko ka faɗa wa yara ƙarara cewa tarihin abin da mutanen can suka bauta wa ake karantawa, ba aƙida ba, don wlh sai wani uban ya zo tambaya.

Ka fara da hoton Osiris, abin bautarsu mai kula da matattu, a waya, ya zaga benci benci. Su nemo alamunsa da kansu, koriyar fata, ƙafafu a naɗe kamar gawa, doguwar farar hula da gashin jimina biyu, ga sandar kiwo mai lanƙwasa da bulala a ƙirji.

Sai asali, nan ne ya kamata ka daɗe. Ana ɗauka tun farkon Masar yake da girma, alhali sunansa bai fito a rubuce ba sai a daula ta 5, wajen shekara 2400 kafin Annabi Isa (AS), lokacin an riga an gina manyan dalar Giza. A cikin dalar sarki Unas da ke Sakkara ya fito sosai, kafin nan abin bautarsu Anubis mai kan dila ne kan gaba a sha'anin matattu. Garuruwansa biyu ne, Busiris a arewa da Abidos a kudu, kuma a Abidos ɗin ma wani abin bautar ya tarar mai suna Kentiamentiu ya haɗiye sunansa da matsayinsa, har daga baya mutane suka ɗauki kabarin wani tsohon sarki, Jer, suka ce na Osiris ne suna zuwa ziyara. Da farko sarki ne kawai ake cewa ya zama Osiris in ya mutu, sannu a hankali talaka ma ya samu shiga.

Labarin ƙaninsa Set da ya kashe shi, matarsa Isis ta tattaro gawar, ɗansu Horus ya karɓi sarauta, minti biyar ya isa.

Koriyar fatar kuma ka tambaye su yadda fadamar Haɗejiya take in ruwa ya janye, haka kogin Nilu ke barin baƙar ƙasa shuka ta fito, ita koriyar fatar ke nunawa. Har a kabarin sarki Tutankamun an samu akwati mai siffar Osiris cike da ƙasa an shuka hatsi a ciki. In akwai hotonsa ka nuna, ka sauke shi tun a gida don netwok ɗin makaranta ba abin dogaro ba ne.