Babi na 6: Ƙyama da Halin Mutum

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, duk wanda ya bi ta bakin babbar kwatar unguwar Nima a Accra da rana tsaka ya san ƙyama: hanci ya tattare, leɓen sama ya ɗaga, zuciya ta tashi. Ba hanci kaɗai ke wannan aiki ba. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da likitoci ke kira insula, shi ke motsawa idan mun shaƙi wari, ko da fuskar wani kawai muka gani ya yamutsa ta. Sai dai kowa da irin tasa. Masu bincike sun lura cewa mutum mai yawan fargaba da damuwa ya fi saurin ƙyama. Mace mai ƙaramin ciki ma haka. Mahauci kuwa, sabo ya rage masa.

Yanzu ku ɗauki fensir. Ku kwafi layukan nan:

Ƙuda a cikin koko
Bayan gidan haya
Kifin da ya ruɓe

A ƙarshen kowane layi, wato hannun dama inda rubutu ya tsaya, ku sa lamba. 1 na nufin ba ya damuna, 2 kaɗan, 3 sosai.

Nan ake tuntuɓe. Lamba ɗaya tak a layi ɗaya, kuma abin da kai kake ji. Ba jarrabawa ba ce, babu wanda zai faɗi. Hajiya, idan 3 kike ji, sa 3, ko da ta kusa da ke ta sa 1. Sannu a hankali, za ki iya. Karanta layi, tambayi zuciyarki, sannan lamba. Layi, zuciya, lamba. Ba a sa 1 da 2 da 3 duka a wuri guda.

Kuma don Allah a daina leƙen littafin maƙwabci! Dattijo da furfura yana satar amsa a kan tashin zuciyarsa? Haba Baba. Goge, ka sa taka.

Darasi na 2

A 2014 kwalara ta kwantar da dubban mutane a Accra. Ƙwayar cutar ba a ganinta, ruwa mai kyan gani ma yana iya ɗauke da ita. Mai 1 da mai 3, kowa ya wanke hannu da sabulu bayan ya zaga. Ku rubuta: sabulu.

Darasi na 3

Ku kwafi layukan Darasi na 1 sau biyu. Kada a manta lanƙwasar ƙ.