Daga Birnin Kebbi zuwa Maiduguri a jirgi: inda lissafin nisa ke kwance wa mutane

Mutum zai ɗauki waya ya tambayi Google nisan Birnin Kebbi da Maiduguri ta sama, a ce masa wajen kilomita 950, sai ya raba da gudun jirgi, kilomita 800 a awa, ya ce ai awa ɗaya da 'yan mintoci ne, har ya bugo wa ɗan'uwansa a can ya ce a ajiye masa tuwon rana. Malam, wannan lambar ta miƙaƙƙen layi ce tsakanin filayen biyu, kai kuma ba ta nan za ka bi ba. Daga filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa galibi Abuja za a fara kai ka, kusan kilomita 500 kenan, sannan ka hau wani jirgin zuwa Maiduguri, shi ma sama da 700, ka ga an haura 1,200, ga zaman jira a Abuja wanda wani lokacin ya fi tafiyar kanta tsawo, in ma ba a dace ba sai ka kwana. Saboda haka ka fara duba ko akwai jirgi kai tsaye, in babu ka lissafa zango-zango.

Sai maganar mil. Wasu shafukan suna kawo nisan da mil, mutum ya karanta shi a kilomita. Mil ɗin mota kilomita 1.609 ne, na matuƙa jirgi, wanda ake rubutawa NM, 1.852 ne. In ka ga 510 NM kar ka ce tafiyar ta ragu, 950 ɗin nan ce dai.

Shi ma rabon da gudun jirgi ba ya fita daidai, don jirgi ba ya tashi da 800, sai ya yi ta jan jiki a ƙasa, ya hau sama a hankali, ya rage gudu kafin sauka. Ka ƙara kamar rabin awa a kan kowane zango.

Alhazanmu kuwa agogo ke ruɗa su. Saudiyya ta riga mu da awa 2, lokacin sauka da ke jikin tikiti kuma na can ne, sai ka ji iyali a Argungu ko Jega suna cewa tafiyar ta yi tsawo ko lafiya. A cire awa 2 ɗin tukuna. Kuma da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, nisan taswira bai canza ba amma awannin sun ƙaru.

In tafiyarka ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, kar ka matse zango biyu kusa da juna. Hazo in ya sauko ana ɗage tashi ko a soke gaba ɗaya, gara ka bar tazarar awanni a Abuja, in hali ya yi kuma ka yanki tikitin duka a kamfani ɗaya.