Yadda Ake Jera Kwasa-kwasai Wajen Rajista a Jami'a

A jami'o'in Amurka rajistar kwas tsere ce. Kujerun kowane aji ƙidayayyu ne, don haka akan fara buɗe wa waɗanda suka kusa gamawa ƙofa, sababbin shiga su zo daga baya su tsinci abin da ya rage. Mu nan Gusau, Birnin Kebbi, Aliero ko Talatar Mafara ba haka abin yake ba. Da wuya a ce maka kujera ta ƙare a kwas na dole. In aji ya cika, ka ɗauki lacca ta taga. Namu fifikon tsakanin kwasa-kwasan yake: wanne zai fara hawa fom, wanne zai jira baɗi.

Da fari dai ka biya kuɗin makaranta, domin galibi shafin rajista ba ya buɗuwa sai biya ya shiga. A jami'o'in tarayya ta Remita, manhajar biyan kuɗi ta intanet, ake biya: ka ciro lambar biya da ake kira RRR daga shafin jami'a, ka biya a banki ko ta waya, ka adana rasit.

Kafin ka taɓa fom, duba sakamakonka na bara. Nan ne gizo ke saƙa. Duk kwas ɗin da ka faɗi, wato kari-oba, shi ke da sahun gaba, kafin kowane sabon kwas. Dalili kuwa shi ne akwai iyaka: ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da jami'o'i da yawa ke bi ita ce kada ɗalibi ya gaza yunit 15 ko ya haura 24 a simista (yunit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas). Ɗauki misali kana aji biyu, kwasa-kwasan ajinku yunit 21 ne, ga kari-oba biyu masu yunit uku-uku. Jimla 27 ke nan. Dole yunit uku su sauka, kuma ba daga kari-oba za su sauka ba. Ka tuna kuma kwas na simistar farko a simistar farko ake maimaita shi, in ka tsallake sai shekara ta zagayo.

To me za ka ajiye? Fara da kwas na zaɓi. In babu, sai ka duba littafin jagora na sashenku ka gano kwasa-kwasan da suke tsani ga wasu, waɗanda ba a barinka ka hau na gaba sai ka ci su. Irin waɗannan kada ka kuskura ka ajiye, don ɗaya zai iya riƙe maka biyu a aji uku. A ganina nan ne yawancin masu ƙara shekara ke yin tuntuɓe, ba a ɗakin jarrabawa ba. Kwasa-kwasan GST ma, wato na gama-gari da ɗaliban kowane sashe ke ɗauka, da ɗalibai ke rainawa, ba a ba da digiri sai an ci su.

Bayan kari-oba sai na dole, sai GST, sai na zaɓi a ƙarshe da abin da ya rage na yunit.

In a kafe, wato shagon intanet, za ka yi rajistar, zauna kusa da mai kwamfutar. Shi fom ɗin ɗan ajinku da ya riga ka zai kwafa ya danna maka, bai san kana da bashi ba. Karanta lambar kowane kwas da idonka kafin a tura, don lamba ɗaya ke raba kwas da ɗan'uwansa.

Ka buga fom, ka kai wa malamin da ke kula da ajinku, lebul kodineta, ya duba ya sa hannu. Ka gaishe shi, ka ce, "Malam, ga kari-oba nawa, ga abin da na ajiye, ko akwai gyara?" Shi ya san abin da sashe ke yarda da shi. Daga nan sai sauran masu sa hannu, kamar shugaban sashe. Ka riƙe kwafi ɗaya a wurinka, ka kuma ɗauki hotonsa a waya.

In kuskure ya fito daga baya, akwai 'yan kwanakin da ake warewa na ƙarawa da cirewa. Ka yi gyaran a cikinsu, domin kwas ɗin da ba ka yi wa rajista ba ko ka ci A ba za a lissafa maka ba, wanda ka yi wa rajista kuma ka ƙi zama jarrabawarsa F zai fito.