Yadda na raba Hilux ɗina da karkarwa bayan tseren rairayi

Da muka dawo daga tseren ranar Asabar, ina hawa kwalta, da na kai gudun kilomita 60 sai motar ta ɗauki rawa, har kujera nake ji. Taya na fara zargi. Na kwance su, na tarar laka ta bushe ta ƙanƙame cikin rim kamar siminti. Na kankare na wanke. Rawar ta ragu, amma tana nan.

Sai na shiga ƙarƙashi da tocila, na kama firfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya, na girgiza. Ƙwas-ƙwas! Kuros ɗin baya, wato gaɓar da ke ƙarshen firfelar, ya ci, giris ɗinsa ya cakuɗe da yashi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Laifina ne, kuma abin ya dame ni: tun da na ƙara wa motar tsayi da inci 2, firfelar ta ƙara karkata, kuros yana shan wahala, ni kuwa ban ƙara masa giris ba.

Kafin na kwance firfelar, na yi mata alama da fenti domin ta koma mazauninta daidai. In aka juya ta, rawar na iya dawowa. Na sa sabon kuros, na ɗura giris har tsohon ya fito, na ɗaure notuna tamau.

Yanzu har 100 sitiyari shiru.